Kawu Haladu, Alƙalin Kurket na Mahjar

Duk wanda ya san Kawu Haladu ya san dabinonsa. Ranar Juma'a da an sallame Asuba zai zura farar jallabiyar nan da ya goge da kansa, ya kafa malfar da ya zo da ita tun daga Madawa, ya zuba dabino shida a aljihun gaba, ya rataya ledar ƙari a hannu. Sai ya leƙo ɗakinmu ya ce, "Yalla, 'yan kallo." Mu kuwa tuni mun sa takalma.

Filin yana bayan manyan ɗakunan ajiyar kaya na unguwar Mahjar, fili ne na tsakuwa da fasassun kwalabe. Nan leburori da direbobi 'yan Pakistan da 'yan Indiya suke haɗuwa su buga kurket. Ga yaran yanzu da ba su san wasan ba: wani ya sheƙo da gudu ya jefo ƙwallo, wani ya tare sanduna uku yana riƙe da faffaɗan katako ya maka mata. In ƙwallo ta taɓa sandunan nan, mai katako ya fita. Bayan jifa shida a canza mai jifa. To, aikin dabinon ke nan. Duk jifa ɗaya Kawu ya ci ɗaya, in aljihu ya ƙare ya ɗaga murya a canza. Umma, ƙanwarsa, ba ta taɓa kiran abin da sunansa ba, wasan muciya take ce masa.

Kuma tana da dalilin jin haushi. Shi Kawu aikin Umara ya zo yi ya zarce, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya masa. Irinsu lungu suke bi, in sun hango motar kamu su shige shagon da ya fi kusa su kama tayin abin da ba za su saya ba. Shi kuwa sai ya sa kaya farare tas ya je ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar fili, inda ko daga kan gada ana hango shi. Kowace Alhamis sai sun yi ta. Umma ta roƙe shi, ta yi fushi, ta haɗa shi da Baba, har ɓoye malfar ta taɓa yi a cikin tukunya. Ya nemo abarsa tana warin daddawa ya kafa.

"Yaya, wata rana sai dai mu ji labarinka a jirgi."

"Bon, Rabi. In na zauna a ɗaki, wa zai raba su?"

Yadda ya zama alƙalin ma abin dariya ne, shi da bakinsa yake ba mu. Wai wucewa ya zo yi da ƙunshin wanki a ka, ya tarar an kacame da gardama, 'yan Indiya sun ƙi alƙali ɗan Pakistan, 'yan Pakistan sun ƙi ɗan Indiya. Da suka hango Bahaushe sai duk suka yarda, tunda ba shi da dangi a ko'ina. Suka nuna masa cewa in ya ɗaga yatsa ɗaya, mai katako ya fita. Shi ke nan iliminsa a ranar. Ana cikin wasa sai ga wani ƙato ya kafe, yana ta zabga ƙwallo har kan rufin kwano, ga 'yan uwansa zaune a rana suna jiran layi. Kawu ya ga abin ya yi yawa, ya ɗaga yatsa. Fili ya ɗauki ihu, ana tambayarsa laifin me. Ya ce da ɗan Larabcinsa, ai mutumin ya daɗe, ya ba wani ma ya taɓa.

Dariya ta hana su korarsa. Daga nan ya zauna ya koyi dokokin kaf, har ya fi masu abin tsanani. Suka sa masa suna Haji Sab, wato Yallaɓai Alhaji. Ni na ga mutum mai gemu har ƙirji yana roƙon Kawu kamar yaron da aka ƙwace wa alewa, shi ko kallonsa bai yi ba, yana tauna dabinonsa.

Mu yara gaskiya ba wasan ne ya fara kai mu ba, tukunyar shinkafar biryanin da ake saukewa a bayan wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ce, da shayin madara mai kaurin tsiya. Amma a hankali abin ya shige mu. Har yau in na ji iskar teku mai ɗan gishiri da sassafe, sai in ji ƙarar katako a kunnena. Mukan jeru a inuwar katanga, ni da yayana Sani, ƙwallo ta zo mu bi ta da gudu har ƙarƙashin motoci. Ƙwallon ma ta tenis ce da aka naɗe da jan salatif, in ta same ka a cinya sai ka yi kwanaki kana nuna wa mutane shatin. Muna tafi in an buga mai kyau, muna tafi in an buga marar kyau, Kawu yana harararmu daga tsakiyar fili don mun kunyata shi.

Da azumi ma ba a fasa ba. Kawu ya ce dabino dai ba za a canza shi da tsakuwa ba, sai dai ya riƙa mayar da shi daga aljihun dama zuwa na hagu. Haka aka yi jifa ɗaya, aka yi biyu. A na uku wasa ya yi daɗi, hannu ya bi hanyar da ya saba. Kowa ya gani. Mai jifa ya tsaya cak, mai katako ya dafe kai, ana ta "Haji Sab, Ramadan, Ramadan!" Kawu ya tsaya da baki a cike, ya duba sama, ya duba jama'a, ya juya ya tofar da ƙwallon dabinon, don naman ya riga ya wuce.

"Mantuwa ce, Allah ne ya ciyar da ni. Jefo ta huɗu."

Sai kuma ranar maigidansa. Kawu guga yake yi a shagon wanki na wani Shaukat a unguwar Sharafiyya, mutumin kirki amma da son girma, kuma shi ya rufa masa asiri ya ba shi aiki ba takarda. Ran nan Shaukat ya zo da sabon katako da sabbin takalma, har da surukinsa don ya gani. Jifan farko ƙwallo ta daki ƙafarsa daidai gaban sanduna, wanda a dokar wasan fita ce. Ni kaina ina addu'a Kawu ya yi kamar ƙura ta shiga masa ido. Ina! Yatsa ya tashi. Shaukat ya matso har malfa tana taɓa goshinsa, ya ce masa ƙasa-ƙasa gobe kada ya zo aiki.

"Wannan maganar gobe ce. Yau dai fita."

Washegari Kawu ya riga kowa zuwa shago, ya kunna dutsen guga. Shaukat ya iso ya same shi yana goge masa wandon da ya yi wasan da shi. Sun yi mako ba sa magana, daga baya shi Shaukat ɗin ne yake kawo dabinon.

Ranar da Umma take tsoro ta zo ina ajin ƙarshe na firamare. Motocin kamu biyu suka shigo ta bakin fili ba jiniya ba komai. Wallahi ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba, har masu iƙama a aljihu sai da suka tsallake katanga. Katako a ƙasa, takalma ko'ina, tukunyar biryani a buɗe. Sani ya ja ni muka maƙale a bayan mota. Da na leƙo sai na ga fili fayau, ba kowa sai mutum ɗaya fari tas a tsakiya, hannuwansa a baya. Ya san da malfar nan da shekarunsa ba inda za shi, kuma a ganina ko da ƙafar ba zai gudu a gabanmu ba.

Wani jami'i matashi ya tako ya yi masa sallama, ya nemi iƙama. Kawu ya amsa sallamar da kyau, ya ce babu. Sannan ya duba aljihu ya ce in da hali a jira, saura jifa biyu. Jami'in ya waiga ya ga ba mai jifa ba mai bugu, dariya ta kuɓuce masa. Amma aiki aiki ne. Da za su wuce ta gabanmu Kawu ya hango ni, ya ce da Hausa, ba tare da ya juyo sosai ba, "Ku tafi gida. Ka ce wa uwarka ita ce da gaskiya."

Na faɗa mata kamar yadda ya ce. Ban taɓa ganin wanda aka ba gaskiya ya yi kuka irin nata ba.

Aka mayar da shi Nijar, bai sake dawowa ba. In ya bugo waya, kafin ya tambayi lafiyar kowa sai ya tambayi wa yake alƙalanci, kuma duk sunan da aka faɗa sai ya ce wannan ai makaho ne. Filin an daɗe da gine shi, amma Umma ta hana a gaya masa. Ita da kanta take cewa suna nan suna ta wasan muciyarsu, Yaya, kullum sai sun tambaye ka.

Bara aka bugo mana cewa ya rasu a Madawa, bayan 'yar gajeruwar jinya. Umma ta daɗe zaune a kan darduma. Can ta ce da ni, shekara da shekaru tana faɗa da shi a kan filin nan, ko sau ɗaya ba ta je ta gan shi a tsaye ba, in gaya mata yadda yake yi. Na tashi a tsakar falo na maida hannuwa baya na gwada mata. Ta yi dariya har da hawaye, sannan dariyar ta tsaya.

Allah ya ji ƙan Kawu Haladu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Ya Allah, bawanka ya yi zama cikin fargaba a ƙasar mutane, ka saukar da shi a gidan da ba mai tambayarsa takarda, ba mai cewa ya tashi. Amin.