Mujiya da Jarrabawar Ƙarfe Goma

Shekara goma sha tara ɗan kawuna yana gasa burodi, kuma a duk shekarun nan bai taɓa ganin ƙarfe sha ɗaya na safe da idonsa ba. Ya dai ji labari cewa akwai ta. Ɗaya da rabi na dare yake tashi, ba agogo ba mai tayarwa, ya saɓa riga ya bi ta gaban shagunan da suke kulle har gidan burodi. Ya kwaɓa, ya yanka, ya jera a kwanoni, ya tura tanderu, ya fitar. Tara da rabi ya dawo gida da fulawa har cikin gashin gira. Goma na bugawa, ko aski ake masa, ya tafi. Shi ya sa dangi muke ce masa Mujiya.

Barcinsa kuwa ba na wasa ba ne. Ranar da motar yashi ta daki katangar gidansu, duk layin ya fito a guje, shi gyara filo kawai ya yi. Duk da haka matarsa, wadda ɗinki take yi, ta mayar da kekenta can ƙuryar gida saboda shi, 'yan biyunsu kuma da sanɗa suka koyi tafiya.

Ana nan sai ɗan mai gidan burodin ya dawo daga karatu da sabon tanderun gas, mai maɓallai da allon lambobi. Ya tara ma'aikata ya ce ba mai taɓa shi sai wanda ya kawo takardar shaida daga makarantar koyon sana'a. Wanda ba shi da ita, teburin naɗe burodi a leda yana nan yana jiransa. Wannan teburin kuwa nan ake ajiye wanda ya zo jiya. Mujiya, wanda da bayan hannu yake gane zafin tanderu, ya dubi teburin, ya dubi ɗan mai gidan da aka yi wa yaye a gabansa. Washegari ya je ya rubuta suna. Gemu dai ba ya hana neman ilimi.

Karatun bai ba shi wuya ba. Takarda uku ce: lissafin awo, kiyaye haɗarin gas, da tsaftar wurin aiki. Wanda ya ci biyu ya haye, wanda ya faɗi sai baɗi. Wuyar ta zo ranar da aka liƙa jadawali. Duka ukun ƙarfe goma na safe.

Ya daɗe a gaban allon yana sosa ƙeya. Daga nan ya yi abin da yake gani dabara ce: ya ɗauki hutun mako uku, ya ce zai juya barcinsa ya koma irin na mutane.

Daren farko ya kwanta tun tara, ya ja bargo, ya rufe ido da ƙarfi kamar mai jiran allura. Ya juya dama, ya juya hagu, ya ƙirga ramukan silin har ya san kowanne da kamanninsa. Wajen sha biyu da rabi barci ya ɗan sace shi. Ɗaya da rabi idonsa ya buɗe tar.

“Maman 'yan biyu,” ya ce a cikin duhu. “Kin yi barci?”

“Da na yi.”

“Ƙarfe nawa?”

“Kai za ka tambaye ni? Ai kai ne agogon gidan nan.”

Ba dabarar da ba a gwada ba. Ya sha madara mai ɗumi har cikinsa ya fara ƙugi kamar injin niƙa. Matar ta rataya yadin wata mai ɗinki a taga don ɗakin ya yi duhu, alhali dare ne, duhun ma ya ishi kowa. Ya zaga unguwa sau bakwai da yamma don ya gaji, ya dawo da ciwon ƙafa da ido a bushe. Inna, mahaifiyarsa, ta aiko a gaya masa ya daina tunani, sai ya kwana yana tunanin yadda ake daina tunani. Wani maƙwabci ya ce ya riƙa ƙirga lambobi daga ɗari zuwa ƙasa. Mujiya ya fara, kafin ya kai tamanin lambobin sun zama buhunan fulawa, ya shiga lissafin ruwan da za su sha da yis ɗin da za su ci, ya tashi zaune yana neman biro.

A dare na shida matar ta farka ta ji gadon yana motsi. Ta haska fitilar waya. Ga maigida a durƙushe, ido rabi a rufe, ya danne filo da hannu biyu yana murzawa, yana ninkewa, yana juyawa.

“Baban 'yan biyu, filo ne fa.”

“Na sani.”

“To ko ka kwana kana kwaɓa shi ba zai tashi ba. Ni ce dai na tashi.”

Ta ja zanenta ta koma ɗakin yara. Shi kuma ya ce tunda ido ya ƙi rufuwa bari ya yi karatu. Ya kunna fitila ya buɗe littafi, kuma gaskiya a wannan lokacin kansa wuƙa ne. Da da ƙarfe biyun dare ake jarrabawar nan, da malaman ma ya koya musu. Amma gari na wayewa, rana ta ɗan ɗaga, sai ka ga wuyansa ya fara laushi. Goma na yi littafi ya zame, baki ya buɗe.

Ranar takarda ta farko, lissafin awo, ya sha shayi baƙi ƙirin kofi uku. Abin da ya manta shi ne shekara goma sha tara da irin wannan shayin yake karyawa kafin ya kwanta. Ya shiga aji, ya sami lambarsa a layi na uku, tsakanin samari da 'yan matan da ya haife su. Mai tsaron jarrabawar wata malama ce doguwa mai tabarau, irin waɗanda ko tari ka yi sai sun rubuta. Ta raba takardu. Ya duba tambaya ta farko, ya yi murmushi, domin abin da yake yi kullum ne a ka. Ya rubuta lambarsa. Ya ce bari ya ɗan jingina ya tsara amsar.

Abin da ya sani ke nan sai jin ana ƙwanƙwasa tebur da biro.

“Baba, a kawo takarda. Lokaci ya cika.”

Yarinyar da ke gefensa ta ce sau biyu malamar tana tashinsa saboda minsharinsa ya hana layin baya tunani, kuma duk sau biyun ya ce “saura minti biyar ya gasu” ya koma. A takardar kuwa ba komai sai lambarsa da wani dogon zane da biro ya yi lokacin da hannunsa ya sulale.

Ya dawo gida kamar an tsamo shi daga rijiya. Bai ci abinci ba. Daren nan ko sa'ar da ya saba samu bai samu ba, domin da ya rufe ido sai ya ga teburin leda, ga shi a tsaye yana ƙulla bakin burodin da wani ya gasa. Saura takarda biyu, kuma dole ya ci duka.

Washegari da safe matar tana fama da labulen wani ɗakin taro, dogo ne ƙwarai, ga mai shi zai zo karɓa da rana. Ta leƙo ta gan shi yana shirin zubewa a kujera.

“Tunda ba karatun kake ba, ba barcin kirki kake ba, zo ka riƙe min wannan.”

Ta ɗora masa bakin labulen, ta ce ya ɗaga sama kada ya taɓa ƙasa. Ta durƙusa tana kafa allurai. Shi kuma ya buɗe bakin mita. Ya zagi jadawali, ya zagi wanda ya ƙirƙiro ƙarfe goma, ya ce duk ƙasar nan ba wanda ya taɓa tambayar masu gasa burodi lokacin da ya dace da su, alhali kowa da burodinsu yake karyawa. Ta gama gefe ɗaya ta juya shi kamar gunkin shago, ta kama ɗayan. Can ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, ta dube shi.

“Baban 'yan biyu, ƙarfe nawa?”

Ya duba. Sha biyu saura kwata. Ya sake dubawa.

“Agogon nan ya lalace.”

“Lafiyarsa ƙalau. Ajiye labulen ka zauna mu gani.”

Ya zauna. Kafin ta zare allurar da ke bakinta kansa ya langaɓe. Ta kama kunnensa ta miƙar da shi tsaye, ido ya buɗe. Ta sake zaunar da shi, ya tafi. Sau uku tana yi, kamar mai gwada maɓallin fitila.

“To ka gani. Mako biyu ka hana ni barci, ka shanye madarar yara, ashe ba a idonka ciwon yake ba. A mazauninka yake. Kai tunda kake ka taɓa yin aiki a zaune?”

Bai taɓa ba. Shi a duniyarsa tsayuwa aiki ce, zama kuwa an tashi daga aiki ke nan.

Sanin magani daban, shansa daban. Ranar takarda ta biyu ya isa da wuri, ya sami malama mai tabarau tana jera takardu, ya cire hula ya gaishe ta har da rusunawa.

“Malama, alfarma nake nema. A tsaye nake so in rubuta.”

Ta dube shi ta saman tabarau. “Basir ne?”

“A'a, barci ne.”

“Na sani, ai na ji shi ranar nan. Baba, in ka tsaya, takardar mutum shida za ka riƙa gani. Ba a yi.”

“Malama, burodin da kika karya da shi yau, in dai daga layin kasuwa aka sayo, hannun da na koya wa ne ya gasa. Shekara goma sha tara ban ƙona kwano ɗaya ba. In na zauna a kujerar can, wallahi leda zan koma ƙullawa.”

Ta juya biron da ke hannunta. Sannan ta nuna can bayan aji, inda wata tsohuwar kabad ta ajiye tsintsiya take jingine da bango.

“Ka ɗora takardarka a kan waccan. Fuskarka a bango. Ka waiwayo sau ɗaya, na karɓe.”

Haka aka yi. Mutum mai 'ya'ya, mai furfura a gemu, ya tsaya ya ba aji baya kamar wanda aka kama yana surutu. Yana jin ƙus-ƙus da dariya ƙasa-ƙasa, wani ma ya ce, “Baba me ya yi?” Kunnuwansa suka yi zafi, ya ji kamar ya ajiye biron ya kama hanya. Sai idonsa ya faɗa kan tambaya ta farko: me za ka fara yi in ka shiga ka ji warin gas? Ya gyara tsayuwa, ya raba ƙafafu kamar yadda yake yi a gaban teburin kwaɓi, ya fara rubutu. Kabad ɗin tana girgiɗi, ya tokare ta da gwiwa. Sau biyu yana ɗaga hannu ta baya a ƙaro masa takarda.

A ta uku ma haka. Wannan karon ya tarar malamar ta sa an share saman kabad ɗin, an cusa kwali a ƙarƙashin ƙafar da ke rawa. Ya ɗora takardarsa ya fara rubutu.

Hutu ya ƙare ya koma aiki, amma barcin bai dawo daidai ba, domin jiran sakamako ma wata jarrabawar ce. Ranar da aka ce za a liƙa, ya dawo daga gashi tara da rabi, ya yi wanka, ya saka riga mai guga, ya ce yau da ƙafarsa zai je ya gani. Matar ta ce ya saka takalmin a tsaye. Ya ce ita ma ta cika raina mutane, ɗaura igiya minti nawa ne. Ya zauna a bakin gado.

Ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya ba. Ta yi tsaki, ta zare katin jarrabawar daga aljihunsa, ta yafa mayafi ta fita. A gaban allon makarantar ta bi lambobin da yatsa har ta sami tasa, ta sa wata ɗaliba ta sake duba mata, ta dawo ta hau kekenta ta ci gaba da ɗinki.

Ƙarfe uku ya zabura ya fito, takalmi ɗaya a ƙafa.

“Maman 'yan biyu, sun rufe? Me ya sa ba ki tashe ni ba?”

“Na je na dawo.”

“To?”

Ta ciji zare, ta ɗaga rigar da take ɗinkawa tana duba wuyanta a haske.

“Don Allah, Maman 'yan biyu.”

“Mako uku ina tashi ɗaya da rabi ba na gasa komai. Kai ma ɗan tsaya.”

Ya tsaya. Ta gama wuyan, ta kafa maɓalli biyu, ta ninke rigar ta ajiye.

“Lissafi sifili,” ta ce. “Sauran biyun ka ci. Na gas ɗin ma kai ne na biyu a ajin. In za ka zauna ka matsa can, kada ka faɗo min a kan keke.”