Tankin Dakta Armiya'u

Armiya'u Labbo ɗan Badarawa ne ta ƙasar Shinkafi, kuma shi ne na farko a gidansu da ya aje fartanya ya kama biro. Ya karanta fiziks, ya sami koyarwa a wata makaranta a Kaura Namoda, ya shekara tara yana karanta wa ɗalibai abin da ya kwafa tun yana ɗalibi. Sai Allah Ya kawo gayyata: wata shida a Turai, a wani ɗakin bincike da aka haƙa cikin dutse. Can ne masana ke farautar nutrino, wani ɗan mitsitsin abu da ido ba ya gani, mai ratsa dutse da ƙarfe da jikin mutum ya wuce abinsa.

Aikin da aka ba shi shi ne goge gilasan na'ura da liƙa wa wayoyi lamba, ya kuwa yi shi tsakani da Allah. Da masanan suka buga sakamakon bincikensu, sai suka jera sunan duk wanda hannunsa ya taɓa na'urar, mutum dubu da ɗari biyu. Na Armiya'u ya faɗo a shafi na huɗu, an ma cinye masa baƙi ɗaya.

Ya dawo Kaura da tabarau marar magani. 'Yan kabu-kabu suka fara ce masa Dakta, bai gyara musu ba. Kowace Juma'a in an sallame, sai ya ciro waya ya sanar da na kusa da shi cewa an ambaci aikinsu sau dubu uku da kaza. Dattawa su ce Masha Allah, su ci gaba da neman takalmansu.

Wata rana ya yanke cewa Zamfara ma sai ta kama nata nutrinon. Ya binne ƙaton tankin roba a bayan gida, ya cika shi da ruwa, ya zura wata 'yar na'ura da ya haɗa da kansa, ya jona ta da kwamfuta. Abu kuwa ya fara ƙara, ƙit ƙit ƙit. Wata uku yana rubutawa, har ya gano cewa nutrinon Kaura sun fi zuwa da hantsi, suna hutawa da azahar, ranar kasuwa kuma ninkawa suke yi.

Ya kafa rumfa, ya gayyato malaman makarantarsu da mai unguwa da surukinsa Alhaji Mamuda daga Zurmi. Ya yi jawabin awa guda, sannan ya kunna na'ura. Shiru. Ya bubbuga ta, ya hura waya, ya sake kunnawa. Shiru dai.

Matarsa Saude ta fito da zoɓo, ta sunkuya ta ce, "Malam, yau hwa ba su zuwa."

Ya harare ta. "Ke mi kika sani ga wanga aiki?"

"Injin niƙan Zulai maƙwabciyarmu ya lalace tun jiya. In ta tada shi abin naka ya yi ta ƙara, in ta kashe ya yi tsit."

"Tun yaushe kika lura?"

"Tun satin farko. Na zo in faɗa maka, ka ce ba maganar murhu ba ce."

Alhaji Mamuda ya yi dariya har zoɓo ya sarƙe shi. Armiya'u ya gyara tabarau, ya shaida wa taro cewa manyan ɗakunan bincike na duniya ma suna fama da irin wannan. Ba wanda ya musa, don rabin mutanen sun riga sun kai ƙofa.

Da rani rijiyar burtsatsen unguwar ta tsaya, mata suka roƙi Saude su ɗebi ruwan tankin. Wata tsohuwa, Inna Asta, ta yi kwana uku tana shan ruwan, ta ce ciwon gwiwarta ya tafi. Kafin sati ya zagayo, keke napep na sauke mutane daga Zurmi da Shinkafi da jarkokinsu, suna tambayar gidan mai ruwan nutrino.

Kwana biyu Armiya'u yana tsaye a ƙofa yana rantsuwa cewa kimiyya ba ta faɗi haka ba. A rana ta uku ya leƙa ya ga layi ya kai bakin titi, jama'ar da bai taɓa tarawa a aji ba. Ya koma ciki ya ɗauko kujera, ya zauna gefen tankin, ya ce wa matar da ke gaban layi, "Kofi ɗaya da safe, ɗaya da marece. Kada ki haɗa shi da kanwa."