Shekara Bakwai Bayan Yaya Mamman: Ƙwan Zakaran Ƙeƙuwa

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar wana, Yaya Mamman, manomi a wani ƙauye gabas da Zango. Allah ya jiƙansa. Na zauna rubutun nan ina jiran kuka ya zo, bai zo ba.

A ƙarshen gonarsa akwai wani fako da bai taɓa sa wa garma ba. Nan zakaran ƙeƙuwa yake zama, tsuntsun nan mai dogayen ƙafafu da baƙin kai da ɗan tukku. Ba ya sheƙa a bishiya. Matarsa takan ɗan tona ƙasa ta ajiye ƙwanta a fili, launinsu sak na tsakuwa. Mutanen gari suna tsokanar Yaya wai ya ba tsuntsu gado tun yana raye, shi kuwa sai ya yi dariya. Da ciwo ya kwantar da shi, abu ɗaya ya roƙe ni: kada in bari a nome fakon.

Na riƙe amanar shekara shida. Bana babban ɗansa, Lawal, wanda yanzu shi ke ciyar da gidan, ya same ni.

"Baffa, hatsin bara bai kai mu damina ba. Ga fili yana zaune."

Na tambayi wani malamin gona, abokina. Ya ce a littafinsu tsuntsun dangin masu kiwo a bakin ruwa ne, shi dai ya zaɓi tudu, kuma ba ya cikin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu, don yana nan birjik daga Senegal har Habasha. Da wannan maganar na lallashi kaina, na ce wa Lawal ya nome.

Ranar da aka kawo shanun huɗa, na ga ƙwai uku a tsakar fakon. Na ɗauke su a hulata, na kai su gindin wata sabara a gefe, ina ganin na yi dabara. Ni malamin makaranta ne, ban san cewa wurin ne uwar take ganewa, ba ƙwan ba. Kwana biyu tana sauka kan kunyar da ta binne gurbinta, tana kuka, ƙwan kuwa suna can rana tana dafa su. Da Yaya yana nan, da ya kewaye wurin da garma, ko ya ce a jira sati uku. Ban san ko zai yi fushi da ni ba. Ina jin kallona kawai zai yi.

Gero ya tsiro a fakon, ba laifi. Na yi ta tunanin abin da ya rage na Yaya, na ga kamar babu. Sai ran Juma'a, muna fitowa daga masallaci, Lawal ya rage murya ya ce, "Baffa, uwar nan ta koma kan ƙwanta kuwa?"

Yadda ya sunkuyar da kai, ubansa na gani. Na ce masa ta koma.