Rigunan da Na Rina a Karofin Tudun Wada

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, amma ranar da wani maɗinki ya tsuguna a bakin karofina ya nemi in miƙa abokina ga 'yan doka, ita kam tana nan daram har in koma ga Allah.

A shekarun nan ne kafin a ba mu mulkin kai, ina ɗan shekara ashirin da bakwai, ina rini a Tudun Wada. Sana'ar gidanmu ce, kuma ba yabon kai ba, na iya ta. In na rina riga aka buge ta, daga nesa za ka hango ƙyallinta. Ina da aboki guda, dillalin tufafi mai yawon kasuwanni. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi karatun allo, shi ne ma ya tsaya mini a aurena. Mutum ne mai barkwanci, in ya zauna a wuri sai an yi dariya.

Shi ya fara kawo mini fararen riguna biyu, ya ce kwance ne, wato tsofaffin kaya, ya saya, in mayar masa da su baƙaƙe. Na rina. Bayan kasuwa biyu ya kawo uku. A aljihun ɗaya na tsinci ɓarin goro ɗanye da carbi. Wa zai sayar da rigarsa da carbinsa a ciki? Na ɗaga kai na dube shi, ya kau da ido yana murmushi. Ban tambaya ba, bai faɗa ba. Ina so mai karatu ya riƙe wannan: ba yaudarata aka yi ba. Na gane tun ranar, na kuma tsoma rigar a cikin ruwan baban rini da hannuna.

Sannu a hankali na san yadda abin yake tafiya. Mu biyar ne. Mutum biyu su ke ɗauka, a wurin shanya a bakin rafi ko a rumfuna ranar kasuwa. Sai a kai wa babbanmu, wani maɗinki mai keken ɗinki a Dangora, ya warware aikin wuya ya sake aljihu. Abokina ya ɗauko ya kawo mini in canja launi, sannan ya kai wata kasuwa mai nisa ya sayar. Kusan shekara biyu muna haka. Ina sallah a sahun gaba, ana ce mini yaron kirki.

Asirin ya tonu a kasuwar Badafi. Wani falken shanu ya ga rigarsa a jikin wani mutum. An canja mata launi, an canja wuya, amma akwai wani ɗan faci da matarsa ta yi daga ciki, shi maɗinkin bai lura da shi ba. Aka juya rigar a gaban jama'a, ga faci nan. Wanda ke sanye da ita ya rantse saye ya yi, ya kuma siffanta dillalin da ya sayar masa. Kafin la'asar abokina ya ɓace, 'yan doka suna nemansa.

Kwana uku bayan haka, da rana tsaka, ina juya baba da muciya, sai ga maɗinkin a kan kekensa na hawa. Ya yi sallama, ya gaisa da sauran marina, ya ja ni gefe muka tsuguna.

Ya ce, "Malam marini, kai ba ka da matsala. Abin da aka kawo maka kake rinawa, ina ruwanka da inda ya fito?"

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "Mun zauna mu uku mun yanke shawara. Abokinka aka gani, shi zai ɗauki laifin. Ka san inda yake, kuma maganarka kaɗai zai ji. Ka ce masa ya same ni a Dangora ranar kasuwa, zan fitar da shi gari. In ya zo, 'yan doka suna nan. Kowa ya huta."

Na dube shi. Ko gezau bai yi ba, kamar cinikin zare yake yi. Na ce masa to. Ya dafa kafaɗata ya hau kekensa. Ni kuwa tun kafin ƙurar kekensa ta kwanta na riga na san abin da zan yi, zuciyata ba ta yi rawa ba ko kaɗan.

Na wanke hannu, na shiga gida na ɗaure riguna huɗu da ke wurina, biyu rinannu biyu farare, na kama hanyar Doguwa. Na san abokina yana ɓoye a bukkar gonar gwaggonsa. Na same shi zaune yana gasa masara, ya yi zuru-zuru. Na faɗa masa komai yadda aka faɗa mini. Masarar ta ƙone a wuta bai ko juya ta ba. Can ya ce, "Shi ke nan, ɗan'uwa. Gobe zan bi 'yan haƙar kuza in yi kudu. Ka kula mini da Inna da yara."

Na ce, "In ka gudu, ba ka da ranar dawowa. Inna za ta mutu ba ta gan ka ba, su kuwa waɗancan su sami wani dillalin su ci gaba. Tashi mu je wurin dagaci."

Ya ce, "Mu je? Kai wa ya ambaci sunanka?"

Na ce, "Ni zan ambata. Nawa zan fara faɗa kafin naka."

Ya zage ni, ya ce na haukace, ina da mata da jariri. Na ce shi ma yana da su. Na ɗora ƙunshin a ka na juya. Na yi tafiya mai ɗan nisa ban waiwaya ba, sai na ji takunsa a bayana.

A gaban dagaci na zube na ce, "Ranka ya daɗe, ɓarayin rigunan da ake nema, ga biyu sun kawo kansu." Dagacin ya san mahaifina, ya daɗe yana kallona, sannan ya sa aka kai mu gaban alƙali.

Da aka kamo maɗinkin ya rantse bai taɓa ganinmu ba sai a hanya. Na ce, "Allah ya gafarta malam, a ba ni izini in nuna." Na shimfiɗa rinanniyar riga a rana. Duk inda aka warware tsohon ɗinki, baba yakan zauna a ramukan allurar ya fi sauran wuri duhu. Na bi da yatsa na fitar da siffar tsohon aikin wuyan, na kuma nuna sabon ɗinkin keke a kansa. Keken ɗinkinsa yana tsallake zare, duk wanda ya taɓa kai masa ɗinki ya san haka. Aka kawo wata riga daga rumfarsa aka gwada, ɗinki ya zo ɗaya. Nan ya zauna daɓas, ya fara lissafa sauran biyun da kansa.

An ɗaure mu duka a Kano. Maɗinkin ya fi kowa daɗewa. Abokina ya yi wata tara, ni wata uku. Ba zan ce da daɗi ba. Da na fito mutane sun daina kawo mini rini, wasu ko gaisuwata ba sa amsawa. Mahaifiyar abokina, wadda nake kira Inna tun ina yaro, ta rufe mini ƙofa, a ganinta ni na kai ɗanta. Ban yi mata bayani ba. Damina ta faɗi, na nome gonata na nome ta abokina, na kai mata dawar har rumbu.

Ranar da abokina ya fito, kafin ya shiga gida sai da ya biyo ta wurina. Ya rame, an aske masa kai ƙwal. Ya tsaya yana kallona, sannan ya ce, "Kai dai ba ka da kirki. Tuwon gidan yarin nan, ko gargaɗi ba ka yi mini ba." Muka yi dariya har hawaye. Da yamma sai ga Inna ta aiko mini da ƙwaryar fura.

Bai sake dillanci ba, ya koma noma da kiwon tumaki. Ni ma a hankali rini ya dawo mini. Mun yi shekara arba'in da wani abu bayan haka muna tare, ni na yi masa wanka ranar da ya rasu.

Abin da na koya shi ne, shekara biyun da na yi ina rufa masa asiri, ina ganin amana nake riƙewa, ashe taya shi nutsewa nake yi, ni ma ina bin sa. Ranar da na zama abokinsa na gaske ita ce ranar da na ce masa ya tashi mu je, na kuma shiga gaba. In za ka ja wanda kake ƙauna zuwa ga gaskiya, kada ka tura shi shi kaɗai. Ka fara faɗin naka laifin.