Tukunyar Inna a Ƙofar Kamfani

Tukunyar ta Inna ce, mahaifiyata. Ta dalma ce, tana cin kwano biyar na shinkafa. Da muka tashi daga Nassarawa muka koma Panshekara, ɗakin da muka kama ba shi da inda zan ajiye ta, sai na bar ta a wurin ƙawata, da murfinta da babban ludayinta.

Ƙawar tawa 'yar Filato ce, Kirista, ta ɗan girme ni, don haka Yaya nake ce mata. Tare muke naɗe alawa a wani kamfani a Bompai, benci ɗaya muke zama, kwano ɗaya muke ci. Da azumi bayan kwalaye take ɓuya ta ci abincinta don kada in gani, duk da na sha gaya mata ba komai.

Cikina na fari ne ya raba mu. Ita kaɗai na gaya wa. Da ta ga jiri yana ɗibana saboda zafin wurin dafa sukari, sai ta je ta faɗa wa shugabar sashenmu ba tare da ta shawarce ni ba, wai a mayar da ni inda akwai iska. Maimakon haka aka sallame ni. Sau uku tana zuwa gidana ina sa a ce mata ba na nan, har ta gaji ta daina.

Shekaru suka ja, Inna ta rasu. Da 'yata ta sauke Alƙur'ani muka sa ranar walima, na ji ba na son a yi girkin a wata tukunya sai ta Inna. Na yi ta cigiya har aka ce min Yaya tana sayar da shinkafa da wake a ƙofar wani kamfanin roba a Sharada.

A cikin adaidaita sahu na tsara maganganu masu zafi da zan gaya mata. Na iso dab da azahar, na hango tukunyar a kan murhu, ta yi baƙi ƙirin, an rufe ta da faranti. Yaya ta ɗago, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Ta daɗe tana kallona.

"Kin zo ɗaukar kayanki ko?" ta ce. "Riƙe min ludayin nan tukuna, yanzu za a taso su."

Kafin in buɗe baki ma'aikata suka fito. Ina zubawa tana sa mai da yaji, wannan ya ce a ƙara masa wake, wancan ya ce ƙanzo yake so. Sai da muka kankare tukunyar tas muka zauna.

Nan ta ba ni labari. An rufe kamfanin alawar, mijinta ya yi jinya mai tsawo, da tukunyar nan ta riƙe 'ya'yanta huɗu. Sau biyu ana liƙe gindin tukunyar. Murfin kuwa wani mai mota ya taka. Ta ce ta sha niyyar aiko min da ita, amma in ta aiko ba ta san abin da za ta ɗora gobe ba.

Na tambaye ta me ya sa ta tona ni a wancan lokacin.

"Ƙanwata, ko yau na ga kina tangaɗi kusa da wuta sai na yi magana. Sai dai yanzu ke zan fara faɗa wa."

Idona ya cika, na ce hayaƙi ne.

Ranar walima da sassafe ta iso da tukunyar a wanke, da sabon murfi da ta sa aka zuba mata a madadin wancan. Ita ta yi girkin da kanta, har suka yi musu da ƙannen mijina a kan gishiri.

Washegari Lahadi, da ta fito daga coci ta biyo gaisuwa. Na riga na sa an fito da tukunyar zaure. Ta ce a'a, ni ma na ce a'a, muka yi ta ja. A ƙarshe muka shirya cewa tawa ce, amma a Sharada za ta riƙa zama, duk mai biki a danginmu ya je ya ɗauko. Na raka ta titi, kowa riƙe da hannun tukunyar ɗaya, tana ta mitar cewa icen unguwarmu ɗanye ne.