Safar Hannun Amparo

Odessa Tibbs ta girme ni da shekara tara, kuma benci ɗaya muke zama a coci tun kafin Allah ya ɗauki maigidana. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana ɗinka safar hannu ta masu zuwa sararin samaniya, a wani ɗaki marar taga a gefen Houston, amma ko jirgin sama ba ta taɓa shiga ba. Ta ce mini ita dai an faɗa musu in allura ta kauce iska za ta fita, wani ya mutu, don haka ba ta bari ta kauce.

Bara aka aiko mata kati mai ruwan zinariya. Wai liyafa ce ta tara gudummawar karatun yara, za a kuma karrama wani tsohon ɗan sama jannati, Kwamanda Halvorsen. Sau uku muka karanta, ba mu gane me ake nema da ita ba.

"Ko wani abu ne ya yage musu?" in ji ta. Ta jefa allura da zare a jaka, ta ce in raka ta.

A wurin liyafar, kowa an ajiye masa cokali mai yatsu har uku. Aka kawo wani farin abu busasshe aka ce askirim ɗin 'yan sama ne, na yi masa addu'a na ture gefe. In mutane suka miƙe suna tafi mu ma mu miƙe, ba mu san wa ake tafa wa ba.

Can shugabar taron, Misis Pruitt, ta zo ta ja Odessa gaban wani akwatin gilas. Safar hannu ce a ciki, wadda Kwamandan ya sa a can sama, za a yi gwanjonta. Katin da ke jingine da akwatin ya ce Odessa Tibbs ce ta ɗinka.

Odessa ta sa tabarau, ta daɗe a sunkuye.

"Ba aikina ba ne."

"Haba Mama, yau ba ranar kunya ba ce," in ji Misis Pruitt tana dariya.

"'Yata, dubi yadda ɗinkin babban yatsa ya kwanta. Bahaguwa ce ta yi shi. Amparo Villegas ce, teburinta na jikin nawa. Shekararta shida da rasuwa."

"An riga an buga a littafin taro, Mama. Ki je ki ci kek ɗinki."

Muka koma, ba ta taɓa kek ɗin ba.

"Vernell," ta ce mini, "in aka sayar da ita da sunana, na ci haƙƙin matacciya."

"To Yaya, mu tafi gida mana."

"Ke dai ba ki da aiki sai gida."

Kwamandan ya gama dogon jawabinsa a kan shugabanci yana saukowa, sai Odessa ta tare shi ta ce ya ara mata biro. Ya ɗauka sa hannu take so, har yana laluben takarda. Ta karɓa, ta je ta soke sunanta a katin, ta rubuta na Amparo da manyan baƙaƙe. Misis Pruitt tana can tana gaisawa da manya, ba ta gani ba.

Aka yi gwanjo, mutane suna ta ɗaga wasu faya-fayan katako. Ni na ɗauka fifita suke yi, ashe tayi ne. Wani mai harkar man fetur da faffaɗar hula ne ya saya. Ya zo ya karanta katin, ya ga tsohuwa tsaye a gefen akwatin, sai ya cire hular ya kama hannunta.

"Misis Villegas, Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Na buɗe baki zan gyara masa, ta taka mini ƙafa.

"Amin," in ji ta. "Ta gode."

Bai lura ba. Ya kira matarsa, matar ta kira ƙawayenta, kowa Misis Villegas, Misis Villegas, har hoto aka yi da su. Ita kuwa tana amsawa.

A mota na ce, "Yaya, yanzu wannan gaskiya muka yi ko ƙarya?"

Ta ce ita ma ba ta sani ba, amma rabon da ta ji an kira sunan Amparo tun ranar jana'izarta.

Ran Lahadi na kai wa fastonmu maganar. Ya sa na maimaita masa sau biyu, sannan ya ce in ba shi lokaci.