Ɓata-Wasa Ta Ajiye Tocilarta

Duk Laraba da Asabar, in ta tashi daga aikin safe a asibiti, Sista ba gida take nufa ba. Sai ta hau matakalar nan mai ƙara zuwa saman wani tsohon sito, inda matasa ke koyon damben zamani, irin na safar hannu da igiyoyi. Ɗaki ne mai warin zufa da roba, da buhunan naushi uku, ɗaya ya sha faci har ba a gane asalin launinsa. Kujerarta na gefen taga. A jakarta akwai auduga, biro da wata 'yar tocila da take haska idon mutum da ita. Ba wanda ya ɗauke ta wannan aiki. Ƙanenta ne kocin wurin, ya roƙe ta ta leƙo sau ɗaya ta duba wani da girarsa ta fashe, leƙen ya zama shekara ashirin da shida.

'Yan damben nan ba su ci abinci da shi. Makanike ne, da tela, da mai walda, suna zuwa don sha'awa da begen wata rana a ji sunansu. Su suka laƙaba mata Ɓata-Wasa, kuma ba da ƙauna suka fara ba. Duk wanda ya sha naushi a kai har ƙafarsa ta yi rawa, sai ta riƙe katinsa na hawa dandamali, ta ce sai bayan wata guda. In ya kawo mata zancen cewa ai da hular kariya a kansa, sai ta jefa nunannen tumatir a gwangwani, ta rufe, ta girgiza, ta miƙa masa.

"Duba gwangwanin, ya lotse?"

"A'a, Sista."

"To buɗe ka gani. Hula tana tsare fata ce, ba ta hana abin da ke ciki jijjiga."

Amma abin da ya bambanta ta da kowa shi ne inda take kai idonta. In an tashi wasa, jama'a kan wanda ya faɗi suke taruwa, wannan fifita, wannan ruwa. Ita ma takan duba shi, sannan ta bi wanda aka ɗaga wa hannu har ɗakin canja kaya. Cewa take mai nasara ma da kansa ya karɓi naushi, sai dai tafi ya rufe shi, ba mai tambayarsa lafiya.

Wannan ɗabi'a ce ta jawo mata baƙin jinin da ya fi kowane zafi. Ɗan ƙanenta, kafinta mai shekara ashirin da uku da ake kira Guduma, shi ne gwanin da ɗakin bai taɓa yin irinsa ba. Ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar da za a zaɓi mutum ɗaya tak daga cikinta zuwa babbar ƙungiya. A turmi na biyu ya sha wani naushi a muƙamuƙi, bai faɗi ba, ya ci gaba, ya kuma yi nasara. Wasan ƙarshe washegari ne. Ubansa, Koci, har da hawaye.

Sista ta bi shi ɗakin canja kaya. Ta tarar da shi zaune a benci yana naɗa sabon bandeji a hannu.

"Me kake yi, ɗana?"

"Shiri, Goggo. An kira ni ne? Yaushe zan hau?"

Ta zauna kusa da shi. Ta gaya masa ya riga ya hau, ya kuma ci. Ya yi dariya, ya ce madalla. Kafin ta gama haska idonsa ya sake ɗagowa: "Goggo, yaushe zan hau?"

Ta kashe tocilar. Ta jefa katinsa a jaka ba tare da ta sa masa hannu ba, ta ce a kawo mota. Koci ya shigo ya tare hanya.

"Yaya, kada ki yi mana haka. Gajiya ce. Ya yi barci, gobe garau zai tashi."

"Ƙwaƙwalwar da ta jijjigu yau, in ta sake sha gobe kafin ta warke, wani ba ya tashi."

"Shekara goma nake gina yaron nan!"

"Ni na karɓe shi ranar da aka haife shi. Matsa."

Da a ce hoton da aka ɗauki kansa a asibiti ya nuna jini, da tuni an manta da faɗan. Sai hoton ya fito tas. Ta yi ta bayani cewa irin wannan jijjiga sau da yawa ba ta fitowa a hoto, ba wanda ya saurare ta. Wanda zai kara da shi a wasan ƙarshe ya tafi babbar ƙungiya ba tare da ya kai naushi ko ɗaya ba. Koci ya yi shekara biyu bai taka gidanta ba, a ɗakin dambe kuma sai dai ya ce wa wani, "Gaya wa Sista." Ta sha kuka a kan wannan, ta faɗa mini da bakinta. Amma Laraba na zuwa sai ga ta a kujerarta.

Sista, nauyin aikinki ke nan, kuma shi ya sa nake jinjina miki. Wanda ya ɗinke rauni yana da tabon da zai nuna. Ke kuwa abin da kika hana aukuwa ba ya barin shaida. Ke ce kika yarda a ƙi ki don wani ya riƙa gane matarsa da sunayen 'ya'yansa. Ke ce uwar masu taurin kai, wadda ba ta tsoron fushin taro. Masu horar da 'ya'yan mutane, da alƙalan wasa, da iyaye masu ihun "ƙara masa!" daga bayan igiya, ku koyi cewa a'a daga wurin matar nan, ku kuma koyi faɗin ta ga naku na jini.

Watan jiya gwiwa ta hana ta hawa matakala, ta yi sallama da ɗakin. An yi ɗan taro da rana, Koci da kansa ya riƙo mata jaka. Da mutane suka ragu, Guduma ya matso. Yanzu magidanci ne mai shagon kujeru, ya bar dambe tun shekarar da abin ya faru. Ya durƙusa gabanta, ya ce:

"Goggo, har yau ban tuna wasan nan ba. Labarinsa ake ba ni. Amma ba zan ɓoye miki ba, wani lokacin ina aiki sai in ce, da ta bar ni na hau fa? Ƙila da ba abin da ya same ni."

Ta dube shi, ba ta kare kanta ba.

"Ƙila," in ji ta. "Ni ma shekara goma sha ɗaya nake wannan tambayar, ban samu amsa ba. Amma na gwammace kai ke yi mini ita a nan, da a ce ubanka ne ke yi mini ita kai ba ka nan."

Mun gode, Sista. Allah ya huta gajiya.